Tsakanin Baki da Baƙi

A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya fito daga ruwan Matan Fada da kifin da ya fi na kowa girma shi ake ɗagawa sama. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta muna da wani wasa da ya kifar da wannan ƙa'ida. Za a ba kowa aiki iri ɗaya, wanda ya gama shi da rubutun da ya fi na kowa ƙanƙanta shi ne gwani. Turawa sun raɗa masa sunan golf, don a wasan golf ma wanda ya kai ƙwallo rami da bugu kaɗan shi ke ci. Sunan ya fito ne a 1999 daga wajen masu rubutu da harshen Perl, amma ɗabi'ar ta girme shi nesa ba kusa ba. Tun zamanin da kwamfuta take cika ɗaki guda, alhali ƙwaƙwalwarta ba ta kai ta 'yar ƙaramar waya mai tocila ba, mutane suke matse rubutu. A lokacin dole ce ta sa, yanzu kuwa nishaɗi.

Irin wannan gasa na shirya wa matasanmu na Jega da Aliero da Maiyama, a hutun da ya biyo bayan Babbar Salla. Ni mutumin Jega ne, a nan nake zaune, ina rubuta manhaja ga wani kamfani da ban taɓa taka ƙofarsa ba sai ta intanet. Aliero na nan kusa da mu a kan hanyar Sakkwato, garin albasa da masu ɗori, kuma tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a can a 2006 ba a rasa yara masu karatun kwamfuta da ke neman inda za su gwada ƙwanji. Maiyama tana kudu da mu, kan hanyar Koko da Yawuri. Mutum 19 suka shiga. Yawancinsu ɗalibai ne, amma akwai wani mai gyaran waya a kasuwar Jega, akwai kuma wata malamar lissafi da ke koyarwa a wata sakandare a Maiyama.

Abin da ya fara ɗaukar mini lokaci shi ne zaɓen harshen da za a yi gasar da shi. Da na ce Python ko JavaScript, da an gama gasar tun ba a fara ba. Mai kwamfutar cinya da shekara uku a jami'a zai shanye mai waya, domin ya haddace dabarun da wancan bai taɓa jin labarinsu ba. Ina son harshen da kowa zai zo masa baƙo, wanda za a koya kafin shayi ya huce, wanda kuma za a iya yi da biro da takarda ranar da babu wuta babu caji.

Akwai wani dangi na harsunan kwamfuta da ba a ƙirƙire su don a yi aiki da su ba. Ni bauɗaɗɗun harsuna nake kiransu. Kakansu shi ne INTERCAL, wanda wasu ɗalibai biyu na jami'ar Princeton a Amurka, Don Woods da James Lyon, suka yi a 1972 don tsokana kawai. A cikinsa sai ka riƙa roƙon kwamfuta da kalmar Turanci mai nufin "don Allah". In ka yi ƙarancin roƙo ta ƙi aikinka don ba ka da ladabi, in ka cika roƙo ta ƙi shi don ladabin ya yi yawa. Akwai Whitespace na 2003, wanda ake rubutawa da filin da ke tsakanin kalmomi kaɗai, har shirin ya zama farar takarda a ido. Akwai Malbolge na 1998, wanda Ben Olmstead ya tsananta har aka yi shekara biyu kafin a samu shiri na farko da ya yi aiki a cikinsa, shi ma wata manhajar ce ta lalubo shi, ba hannun mutum ba.

Wanda na zaɓa ya fi waɗannan sauƙin kai. Wani ɗan Siwizalan, Urban Müller, ya yi shi a 1993 a kan kwamfutar Amiga. Burinsa ya ga iyakar ƙanƙantar manhajar da za ta iya juya harshe zuwa abin da inji ke ganewa, ya kuwa kai tasa bait 296, daga baya ya matse ta zuwa 240. Hoto ɗaya a wayarka ya ninka wannan sau dubbai. Sunan da ya sa wa harshen ashar ne da Turanci, wanda ba zan rubuta a inda iyaye ke karantawa ba. Masu kunya suna cewa BF, haka mu ma muka riƙa cewa.

Ga yadda na bayyana musu shi. Ka ɗauka an haƙa gurabu a jere kamar na dara, sai dai waɗannan 30,000 ne, duk fanko. Ka ɗora yatsa a kan na farko. Alamar + tana nufin jefa tsakuwa ɗaya a gurbin da yatsanka yake, alamar - kuma cire ɗaya. Da > kake matsawa gurbi na gaba, da < kake dawowa baya. In ka sa ɗigo, kwamfuta za ta ƙirga tsakuwar da ke gurbin ta fitar da harafin da ke da wannan lamba, waƙafi kuma na karɓar harafi ne daga waje. Saura baka biyu, [ da ], kuma duk abin da ka rubuta a tsakaninsu za a yi ta maimaita shi har gurbin da yatsa ke kai ya koma fanko. Shi ke nan, alama takwas. Abin mamakin shi ne duk lissafin da babbar kwamfuta za ta iya, waɗannan takwas za su iya shi in an ba su isassun gurabu da haƙuri. Wani masani ɗan Italiya, Corrado Böhm, ya nuna haka tun 1964 da wani harshe da kusan bai bambanta da wannan ba.

Shirya gasa irin wannan rabinsa rubuta doka ne. Inda ake faɗa a kan alama ɗaya tak, duk ƙofar da ka bari a buɗe sai wani ya bi ta. Don haka na rubuta tafinta guda ɗaya, wato 'yar manhajar da ke karanta shirin mutum ta aiwatar da shi, na raba wa kowa a waya, na ce abin da wannan tafinta ya faɗa shi ne hukunci. Kowane gurbi yana ɗaukar daga 0 zuwa 255, adadin da ake kira bait ɗaya. Duk abin da mutum ya turo za a ƙirga, har filin da ya bari tsakanin alamomi. Abin da shirin ya fitar sai ya dace da kalmar da aka bayar, bait da bait. Na kuma sa iyakar taku miliyan ɗaya, saboda alama uku kawai, +[], sun isa su sa kwamfuta zagaye har wayar ta mutu, kuma tun 1936 Alan Turing ya tabbatar babu wata dabara guda da za ta duba kowane shiri ta gaya maka ko zai tsaya ko ba zai tsaya ba. Alƙali ba shi da abin yi sai ya sa agogo.

Doka ta ƙarshe ita ce ta ba gasar armashi. Ba wanda zai ga shirin wani sai an rufe zagaye. Ni kaɗai ake turo wa, abin da jama'a ke gani shi ne lamba. Mai gyaran wayar ya ara mana bangon shagonsa muka rataya allo, kullum bayan la'asar in je in rubuta suna da lamba da alli, a ɗauki hoto a tura wa na Aliero da na Maiyama. Ba abin da ke hana mutum barci kamar ya ga wani ya rubuta 46 alhali shi ya rantse ba a iya sauka ƙasa da 49. Bai san ta ina aka bi ba, ya dai san akwai hanya.

Zagayen farko na ce a fitar da kalmar "jega", da ƙananan baƙaƙe. A jadawalin ASCII, wanda Amurkawa suka fara fitarwa a 1963, kowane harafin Turanci yana da lambarsa: j 106, e 101, g 103, a 97. Hanyar da kowa ya fara bi ita ce ya danna + sau 106, ya sa ɗigo, ya rage biyar, ya ƙara biyu, ya rage shida. Alama 123. Kwana ɗaya allon ya yi da wannan lamba kafin ɗaliban Aliero su tuna da abin da kowane mai kasa albasa ya sani, cewa ba a ƙirga ɗari ɗaya bayan ɗaya. Kashi takwas, kowane kashi 13, ya ba ka 104, ka ɗora biyu. Sai lambar ta faɗo 46, ta zauna nan kwana uku har wasu suka fara cewa a rufe.

Ran na huɗu mai gyaran wayar ya turo wannan:

-[----->++<]>++++.-----.++.------.

Alama 34. Dubi yadda ya fara. Gurbin fanko ne, amma ya ce a cire ɗaya. Tunda gurbi ba ya sauka ƙasa da sifiri, sai ya kewayo ta sama ya zama 255, kamar agogon kilomita na babur in an juya shi baya. Da alama ɗaya ya samu abin da wasu ke biya da alama 255. Sai ya riƙa ɗebe biyar biyar, wanda zai yi sau 51 kafin gurbin ya ƙare, a kowane ɗiba yana jefa biyu a gurbin maƙwabci. Ya tashi da 102, taku huɗu tsakaninsa da j. Mutumin nan bai yi jami'a ba. Ya ce shi dai ya ga na rubuta a doka cewa gurbi na kewayowa, sai ya ce ba a banza na rubuta ba. Yara biyu sun gwada tambayar manhajojin nan masu ba da amsar komai, ban kuma hana ba. Abin da suka samo ya fi nasu tsawo, ɗaya ma shirme ya fitar.

A tsakanin zagaye na farko da na biyu na je Aliero gaida kawuna, manomin albasa ne tun ban san kaina ba. Labari ya riga ni isa. Ko ruwa ban gama sha ba ya ce, "Wai kai, wanga wasa da kaka tara ɗiyan mutane kai, mi za shi ƙara musu? Ana samun kuɗɗi ciki?" Na ce, "Kawu, ba a samu." Ya ce to ko aikin da nake yi wa kamfani da irin wannan rubutu ake yinsa. Na ce ko kusa, in wani ya kawo mini irinsa a wurin aiki mayar masa zan yi. Gaskiyar ke nan. Manhajar da za a yi shekaru ana amfani da ita so ake wanda zai gaje ta ya karanta ya gane, ko da ta yi tsawo. Gajeren shiri irin namu ko mai shi bayan mako biyu sai ya zauna ya yi ta ƙirga kafin ya tuna abin da ya nufa.

Amma na san abin da nake gani a wurin yaran da ke zuwa neman aiki. Sun iya haɗa manhaja daga guntayen da wasu suka rubuta, kamar mai ɗaura kayan gini da aka sayo a shirye, in ka tambaye su me ke faruwa a cikin injin lokacin da harafi ya bayyana a fuskar waya sai ido ya raina fata. A BF babu abin da wani ya shirya maka. Kowace tsakuwa kai za ka ɗauko ta. Ban ce wannan zai ba kowa aiki ba, ban ma gaya wa Kawu haka ba. Na dai ce masa ai shi ma yakan tsaya kallon masu lodin albasa a mota, yana yaba wanda ya shigar da buhu biyar inda wani ya ce uku ne iyaka. Ya yi dariya ya ce wancan ai biyansa ake yi. Da zan tafi ya ce in an gama in zo in ɗauki kwando ɗaya a ba wanda ya ci.

Zagaye na biyu na ba da kalmar "baƙi". Da gangan na zaɓe ta, don tana nufin harafi, tana nufin launi, tana kuma nufin mutanen da suka sauka gidanka. Washegari da sassafe mai gyaran wayar ya turo shiri mai alama 34. Na ba tafinta, ya fitar da "baki". Na rubuta masa cewa bai shiga ba. Kafin azahar ga shi a ƙofar gidanmu, ya bar yaronsa a shago.

"Maigida," ya ce, "kai da bakinka ka ce wasan ga na zubar da duk abin da ba dole ba ne. To ƙugiyar ga ba dole ba ce. Buɗe Facebook ka gani, rabin Hausar da ke ciki ba ta da ƙugiya, kuma ba wanda ya taɓa kuskure ma'ana. In na rubuta maka na yi baki daga Birnin Kebbi, kai ka san ba bakin cin tuwo nake nufi ba."

Hujjarsa ba ta banza ba ce. Haka mutane ke rubutu, kuma jimla takan ceci kalma. Wanda ya karanta "kasa" a cikin zance yakan gane ko ƙasar noma ake nufi ko macijiya ko gazawa. Na ce masa duk na yarda, amma a gasar nan ba jimla aka ba shi ba, kalma ɗaya ce tsirara, babu maƙwabciyar da za ta yi mata shaida. Daga Jega zuwa Maiyama kana iya neman yanke ta gona ko ta fadama, wannan gwaninta ce. Amma in ka tsaya a rabin hanya ka ce nan ma Maiyama ne, ba ka je ba. Ya ce ai alƙali ba ya rasa magana. Ya koma shago ya ɗauki alli ya rubuta 34 ɗinsa a can ƙasan allo da hannunsa, ya ja layi a kai. Bangonsa ne, ban goge ba.

Abin da ya sa ya yi wannan rigima shi ne ya duba kuɗin ƙugiya ya ga tsadarta. Harafin k lamba ɗaya ce, 107, kusa da 'yan'uwanta. Harafin ƙ kuwa babu shi a ASCII, wanda gurbi 128 kawai gare shi, an kuma cika su da abin da Turanci ke buƙata. Baƙaƙenmu masu ƙugiya sun shigo rubutun boko tun shekarun 1930, sun girmi kwamfuta, amma da aka zo rabon lambobin ASCII ba a yi da su ba. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992 kuma kusan duk intanet ke kai yau, haruffan ASCII sun riƙe bait ɗaya ɗaya, na sauran duniya suka ɗauki biyu zuwa huɗu. Ƙaramin ƙ bait biyu ne, 198 da 153. Na ɗ 201 da 151, na ɓ 201 da 147.

Duk wanda ya daɗe yana karanta Hausa a intanet ya taɓa cin karo da Æ™ a tsakiyar kalma, ko É— a inda ɗ ya kamata ya zauna. Waɗannan bait biyun ne wata manhaja ta karanta ɗaya bayan ɗaya da tsohon jadawalin Turawan Yamma, maimakon ta haɗa su. Haka kuma a saƙon tes: saƙo ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma da ka sa ƙ guda ɗaya sai wayar ta sauya tsari, iyakar ta faɗo 70. A shekarun da muke ƙirga kuɗin kowane saƙo, wanda ya nace wa ƙugiya sai ya biya ninki, in ma wayarsa tana da ita. Ba lalaci kaɗai ya raba mu da ƙugiya ba, an daɗe ana cajin mu a kanta. Har yau a wurin aiki ina haɗuwa da fom ɗin da ke ƙin karɓar suna in ya fara da Ɗ.

Ban ɗauki wannan a matsayin makirci ba. Haruffan Larabci, waɗanda ajaminmu ya ginu a kansu, su ma bait biyu biyu ne, na Sinanci yawanci uku. 'Yar fuskar dariyar nan mai hawaye da muke jerawa biyar biyar a ƙarshen saƙo, kowace ɗaya bait huɗu ce, ban kuwa taɓa jin wanda ya ce ta yi masa tsada ba.

To, aka koma fagen. Lambobin farko da suka hau allo sun haura 80, domin 198 da 153 sun yi nisa da 97 da 98, kowa sai ya gina musu zagaye na daban. Ana nan wani ɗalibi ɗan aji biyu a Aliero ya kira ni da dare, murya na rawa. "Yaya, 153 ai 51 sau uku ne!" Haka ne kuwa. Dabarar 255 da mai gyaran waya ya buɗe a zagayen farko tana juyawa sau 51. In ka jefa biyu a gurbi ɗaya ka samu 102, in ka jefa uku a wani ka samu 153 cif, in ka jefa huɗu a na uku ka samu 204, wanda shida ne kawai tsakaninsa da 198. Zagaye ɗaya ya ciyar da gurbi uku. Ba wanda ya tsara haka lokacin da ake ba ƙ lamba, sa'a ce kawai. Yaron ya sauko 52.

Mai gyaran wayar bai haƙura ba. Ya ce tunda an hana shi k tsirara, zai bi hanyar da mutane ke bi a waya, ya rubuta "bak'i". Na ce ba zai hau allo ba, amma ina so in ga lambar. Ya kwana biyu a kai. Alamar ɗaurin nan lambarta 39, nesa da kowa, sai da ya gina mata gurbinta ya ɗebe 12 daga 51. Iyakar abin da ya kai shi ne 52, daidai da na yaron da ya fitar da ƙ na gaskiya. Ya daɗe yana kallon lambar. Bai ce na yi gaskiya ba, cewa ya yi lissafin ne ya yi son kai.

Malamar Maiyama ba ta cika magana ba. Sau biyu kawai sunanta ya hau allo a zagayen farko, can tsakiya. A bayan tsofaffin takardun jarrabawa take aikinta, ta zana gurabu da biro tana bin su da yatsa, sai ta gama ta kwafe a waya in ta samu sabis. Saura kwana ɗaya a rufe ta turo saƙo: "Injiniya, a duba mini wannan ko ya yi."

-[----->++>++++>+++>++<<<<]>----.-.>------.>.>+++.

Na ƙirga sau uku kafin in ba tafinta. Alama 50, ya kuma fitar da "baƙi" da ƙugiyarsa. Abin da ta yi ya saɓa wa abin da kowa ke yi. Duk sauran suna neman abin da za su cire, ita ƙari ta yi. A shirin 52, bayan an fitar da ƙ sai yatsa ya koma baya gurbi biyu inda aka bar 97, ya ƙara takwas don ya kai i, ya sa ɗigo: alama 11. Ita sai ta buɗe gurbi na huɗu tun a cikin zagaye, ta tara wani 102 ta ajiye. Wannan ya ci mata alama huɗu. A ƙarshe taku ɗaya gaba, ƙari uku, ɗigo, alama biyar. Tara maimakon 11. Da aka buɗe shirye-shiryen kowa ya gani, yaron Aliero ya dafe kai, don gurbin nan na huɗu yana gabansa tun ranar farko.

Wani ya tambaye ni ko 50 ne ƙarshe. Na ce abin da zan rubuta a allo shi ne "mafi gajarta da muka gani", ba zan wuce nan ba. Tambayar tana da tsohon tarihi. A 1965 masanin lissafi na Rasha Andrey Kolmogorov ya ba da shawarar a auna sarƙaƙiyar kowane rubutu da tsawon shiri mafi gajarta da zai iya fitar da shi, aka kuma tabbatar babu wata manhaja da za ta iya lissafa wannan tsawo ga kowane rubutu. Ko a 'yar kalmarmu mai harafi huɗu, in ka ce za ka gwada duk jerin alamomi masu tsawon 49, adadinsu takwas ne a ninka da kansa sau 49, lamba mai gurbi 45. Wataƙila akwai 47 a ɓoye a cikinsu, wataƙila wani mai karanta wannan a mota tsakanin Tambuwal da Jega ya hango shi. Kamar yadda abin yake a allonmu dai, baki 34 ne, baƙi 50, kuɗin ƙugiya alama 16.

Kwandon albasa da katin data suka tafi Maiyama a motar kasuwa. Mai gyaran wayar ya karɓi nasa katin na zagayen farko, 34 ɗinsa na biyu kuma na nan a ƙasan allo da layinsa.

Zagaye na uku bai fara ba, don an tsaya a kan kalmar tun kafin a buɗe. Na ce "'ya'ya". Wani ɗalibi da iyayensa mutanen Doso ne a Nijar ya ce su a makaranta ƴaƴa aka koya musu, da y mai ƙugiya, kuma ba wanda zai ce masa tasa ba Hausa ba ce. Gaskiyarsa. Namu na Nijeriya bait biyu ne, 39 da 121, nasu ma biyu ne, 198 da 180, sai dai ba nisa ɗaya suke da 97 na a ba, don haka ba kuɗi ɗaya za a biya ba. Ana cikin wannan wani ya lura cewa alamar ɗaurin ma iri biyu ce a waya, akwai miƙaƙƙiya mai bait ɗaya, akwai lanƙwasasshiya mai bait uku, 226 da 128 da 153. Na ce a ba ni mako ɗaya in rubuta dokar, wataƙila allo biyu za a rataya. Mai gyaran wayar ya ce bangonsa ba zai ɗauki biyu ba sai an cire kalandar. Malama kuwa ta aiko a gaya mata wanda aka tsayar da wuri, don ta riga ta fara zana gurabun duka ukun.